Sunan da Na Faɗa a Jamus

Tun da na dawo daga Jamus bakina bai huta ba. A Islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har a layin asibiti wata da ban sani ba ta dafa ni ta ce, "Malama Hadiza, wai da gaske can rana ba ta fitowa?" Aminiyata Hajiya Rabi ta Kunduru kuwa duk Juma'a sai ta turo mani saƙon murya, wai ta ji an ce na yi abin kunya a Turai, in faɗa mata da bakina ta huta da jin gutsattsari. To ga shi zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta a bar ni in sarara. Kuma eh, Hajiya Rabi, na yi abin kunyar. Ki bi ni a hankali, za mu zo wurin.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni malamar firamare ce da ta yi ritaya a Kusada, maigidana kuma Malam, mai makarantar Islamiyya. Ɗanmu na fari, wanda nake ce wa Yayansu tunda Yaya ƙannensa suke kiransa, karatun aikin gona ya kai shi Jamus, ya samu aiki ya zauna. Can ya auri wata Ba'amurkiya da ta musulunta, mu muna ce mata Maryam, iyayenta suna ce mata Meri. Su ma iyayen baƙi ne a ƙasar, aiki ya kai uban shekara huɗu da suka wuce. Allah ya ba Yayansu ɗa namiji, aka sa masa sunan Malam.

Shi kuwa Malam hawan jinin ido ya riga ya cinye masa na hagu, na dama ma yana bin sahu. Likita ya ce sai dai a jinkirta, ba a dawo da abin da ya tafi. Ba ya iya doguwar tafiya, ita kuma Maryam tana ɗari-ɗari da kawo jariri ƙasarmu, tana jin labarin sauro da na hanya. Ranar da bizata ta fito Malam ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Malama, ki tai ki gano shi. Amma ganinki ba ya yi mani komi, nawa ni ke so. Ki roƙo mani su kawo shi tun da sauran haske."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ni da na shekara talatin da ɗaya ina koyar da Turanci, shawo kan yarinya ɗaya da iyayenta ai ba zai ɗauke ni kwana uku ba. Haka na faɗa, a gaban shaidu, har da ɗaga hannu.

An gama cirar gyaɗa ke nan na tashi. Malam ya samo mani abokan tafiya, wata likita 'yar Kankia da mijinta da za su koma bakin aiki, muka haɗu a bakin titin Kankia muka hau mota zuwa Kano. Kayana jakar bakko biyu ne manya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kunu, kanwa, da yajin jego da na daka da hannuna. Likitar ta dubi jakunkunan ta dube ni, ta ce, "Mama, halan can za ki buɗe shago?" Na ce mata ita yarinya ce, ba ta san abin da mai jego take so ba.

Jirgi ba baƙona ba ne, na je aikin Hajji. Amma waccan tafiyar ayari ce, inda aka tura ki nan za ki bi. A filin jirgin da muka yada zango na gamu da matakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya ina lissafin ƙafar da zan fara sawa har layi ya taru a bayana. Da na yi ta maza na taka, takalmina na dama ya hau, ni kuma na ja da baya. Ina tsaye ina kallonsa yana hawa shi kaɗai cikin natsuwa, har wani dattijo a sama ya ɗauka ya ɗaga yana neman mai shi.

A Jamus kuwa kare ne ya fara yi mani maraba. Ya zo ya shinshina bakkona ya zauna a gefe, ni kuma ina ta tattare hijabi kada ya taɓa ni. Wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta buɗe. Da ta kwance ƙullin daddawa sai da ta ja baya taku biyu, ta kira abokin aikinta, shi ma ya ja baya. Kuka ta daɗe a hannunsu suna juyawa. Daga ƙarshe suka bar mani komai ban da kilishi, wai nama ba ya shiga. Har yau ban daina tunanin inda kilishin nan ya kwana ba.

A tagar duba fasfo wani saurayi ya tambaye ni wurin wa na zo. Na ce wurin ɗana. Ya ce mene ne sunansa. Na yi shiru. Ku da kuke karantawa kun san dalili, ɗan fari ne, tun da na haife shi sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Ya sake tambaya, yana dubana kamar wadda ta sato fasfo. Na zaro takardar gayyata na ɗora yatsa a kan sunan na tura masa. Ya karanta da ƙarfi, ya ce haka ne? Na gyaɗa kai. Na wuce ina yaba wa kaina dabara.

Suna tsaye a ƙofar fita su duka. Yayansu, da rabona da shi shekara biyar, ya taho da gudu ya buɗe hannuwa zai rungume ni a gaban surukansa. Zuciyata kamar ta faɗo don murna, amma na goce, na kawar da kai, na ce, "Kai, ɗauki kayan nan, kana tare wa mutane hanya." Ya yi dariya ya ɗauka, shi ya san uwarsa. Maryam ce ta miƙo mani jaririn. Na karɓe shi, ƙato, jawur, da kunnuwa fato-fato irin na gidan su Malam. Nan na ga damar fara gwada Turancina. Na juya wasan kaka da jika kalma bi kalma, na ce, "Wannan ne mijin nawa? Kai, amma mummuna ne! Ga rowa, ko cefane bai kawo ba. Ni ba na so."

Ba wanda ya yi dariya. Uwar Maryam, wata doguwa mai fara'a da ake kira Linda, haƙoranta suna waje amma murmushin ya mutu. Mijinta Tom ya yi tari. Maryam ta karɓe ɗanta a hankali. Ni kuwa na ɗauka ladabi ne, ba sa dariya a gaban manya.

A mota na ji labarin da ya fi na kilishi ciwo. Gidan Yayansu ɗaki ɗaya ne da falo, don haka a gidan su Linda zan sauka. Gidan surukai! Na harare shi ta madubi, ya ce, "Inna, nan ba a ɗaukar shi komi." Na ce a zuciyata, nan ne ba a ɗauka, ni ai da kunyata na zo.

Da muka isa Linda ta jera abinci a tebur, kaza da dankali da wani ganye. Ta ce Tom har shagon Turkawa ya je don ya samo yankan Musulmi. Ƙamshi ya cika mani hanci, rabona da abincin kirki tun Kano. Ta ce in zauna in ci. Na ce, "Na gode, na ƙoshi." Kowa ya san wannan buɗe magana ce. Mai gida za ta ce haba, in ce wallahi, ta ce ko loma ɗaya, in ce to, sannan ta kai mani ɗaki ta ja ƙofa in ci ba mai ganina. Linda ta ce, "To, shi ke nan," ta ɗauke farantin. Ina kallo ta rufe shi da leda ta sa a firij. Sannan ta juyo da fara'arta ta ce, "Hadiza, gidanki ne. Duk lokacin da kika ji yunwa ki buɗe firij ki ɗauki abin da kike so." Sunana gatsal, ba Malama ba Hajiya. Kuma wai ni, da girmana, in buɗe firij ɗin surukai.

Na shiga ɗaki na warware ƙuli-ƙuli.

Haka muka jera kwanaki. A yi tayi sau ɗaya, in ƙi sau ɗaya, a ɗauke. In an matsa da shayi in kurɓa sau biyu in ajiye. In sun fita in dama garin kunu da ruwan zafin famfon banɗaki, in haɗa da dabino. Kunun ba ya dahuwa, amma yana riƙe rai. Banɗakin ma babu buta, sai na samu wata 'yar jarka mai dogon baki a kan taga na ɗauka. Kwana huɗu Linda tana neman abin ba furanninta ruwa, ni kuma ina taya ta jaje.

Gaisuwa ita ma ta ba ni ruwa. Safiyar farko na tambayi Linda ya gajiya, da Turanci. Sai ta ja kujera ta zauna, ta ce yaya aka yi na gane? Rabin awa tana ba ni labarin ciwon bayanta da yadda barci yake ƙaurace mata. Na ce to, ya sanyi? Ta zabura ta ƙwala wa mijinta kira, "Tom! Hadiza tana jin sanyi!" Ya zo ya murɗa na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe, na wuni ina zufa kamar mai suyar gyaɗa. Ita kuma in ta ce mani yaya nake, kafin in kai ga lafiyar mutanen gida ta riga ta kai ƙofa.

Amma zaman ya sa na ga abin da ban zata ba. Da na ɗauka Bature duk Bature ne, in ya je ƙasar wani Baturen ya je gida. Ashe su Linda sun fi ni zama baƙi. Jamusanci ya ƙi bakin Tom, in ya yi sai a mayar masa da Turanci, ya dawo gida yana huci. Kullum suna mitar firij ƙarami ne, mota ƙarama ce, titi matsattse ne, in ka nemi ruwa a gidan abinci a kawo maka mai gas, ba ƙanƙara. Ran Lahadi kasuwa da kantuna a rufe ruf, in madara ta ƙare sai Litinin. Tom ya taɓa yanke ciyawar ƙofar gidansa ran Lahadi, da safe ya tarar da takarda a manne a ƙofa, wai ranar hutu ce, ba a tayar da inji. Shara kuwa kwando huɗu ne, kowanne da launinsa da ranar fitarsa, Linda ta manna jadawalin a bango tana bitarsa kamar mai shirin jarrabawa. Na raka ta kanti sau biyu. Tana yi wa kowa murmushi tana tambayarsa yaya yake, suna dubanta kamar ta taka musu ƙafa. Mai karɓar kuɗi tana watso kaya da sauri, mu biyu muna cafewa muna turawa a jaka, gumi yana keto mana. A hanya mu kaɗai ne muke gaida mutane, ita da Turanci, ni da ɗaga hannu, kuma ba wadda aka amsa wa.

Shi kuwa Tom shi yake wanke-wanke, da ɗan ƙyalle ɗaure a ƙugu, Linda tana kiran sunansa daga saman bene yana amsawa da sauri. Na tuna Malam, na kama bakina.

Kullum da yamma Yayansu yana kawo Maryam da jaririn. Ni kuma ina nan a kan tarbiyyata. In ya zauna kusa da ni in matsa. In zan yi maganarsa in ce "yaron nan". In zan yi maganar jaririn in ce "mai sunan", tunda sunan Malam gare shi, ba halin in faɗa, ko kuma in koma kan mummunan mijina. Na miƙa yajin jego da kanwa, aka karɓa da godiya aka ajiye a saman kabad. Sau biyu na ɗauko zancen zuwa gida, Maryam ta ce za su yi tunani, tana kallon ƙasa. Malam yana kira yana tambaya, ina ce masa ana kan hanya.

Rana ta goma sha ɗaya asirina ya tonu, kuma shara ce ta tona shi. Da hantsi aka buga ƙararrawa. Wata tsohuwa maƙwabciya ce, riƙe da ledar shara. Ta buɗe a gaban Linda tana nuni da yatsa tana bayani da Jamusanci, wai an zuba abin da ba na kwandon takarda ba a kwandon takarda. Mene ne a ciki? Ƙwallayen dabino, ledojin ƙuli-ƙuli sun fi ashirin, da guntun kunu da ya ƙi shayuwa. Ni ce na lallaɓa na zuba, na zaɓi kwandon da ya fi kyan launi.

Linda ta ba da haƙuri ta rufe ƙofa. Ta ɗora ledar a tebur, ta ce, "Hadiza, zauna. Mu a wurinmu in abu ya dame mu faɗa muke yi." Na zauna.

Ta ce, "Kina jin yunwa a gidana, kina ɓuya kina cin wannan, amma kin ƙi abincina. Ɗanki ya zo rungumarki kin ture shi. Ba ki taɓa kiran sunansa ba, sai yaron nan, kamar wani wanda ya yi miki sata. Jikanki kin ce mummuna ne, ba kya so, sunansa ma ba kya faɗa. In auren ne ba ki yarda da shi ba, ki gaya mani. Meri tana kuka kullum in sun koma gida. Ta ce ba za ta kai ɗanta inda ba a son ubansa ba."

Ni da na zo roƙo, ashe kwana goma sha ɗaya ina rusa abin da aka aiko ni ginawa, kuma da Turancin nan nawa na shekara talatin da ɗaya nake rusawa. Na tuna Malam zaune a bakin ƙofa yana kare ido da hannu yana neman haske, sai hawaye.

Na yi mata bayani iya yadda harshe ya ba ni. Na ce a wurinmu abin da ya fi girma a zuciya shi ake ɓoyewa. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna shi, don kada a ce uwa ta rasa kunya. Miji ba a kiran sunansa. Jika kuwa zaginsa ake yi don daɗi, wanda aka fi so shi ya fi shan zagi. Abincin surukai kuma ba a faɗa masa daga tayin farko, sai an yi ta ja. Na ce, "Da kin sake cewa in ci sau biyu kacal, da har farantin sai kin ƙwace."

Ta buɗe baki tana dubana. Ta ce, "Wato kwana goma sha ɗaya jira kike in sake tambaya?" Na ce eh. Ta fashe da dariya har da riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye kuka. Ta ce makon da suka tare ta gasa waina irin tasu ta bi maƙwabta gida-gida, kowa ya karɓa a bakin ƙofa yana mamaki, ba wanda ya ce ta shigo. Shekara huɗu tana ganin mutanen nan sun tsane ta. Ta ce, "Wataƙila su ma wani abu suke jira in yi, ban san shi ba." Na ce wataƙila tsohuwar nan da ta kawo shara ma zumunci ta zo yi. Muka sake dariya. Ta tashi ta ɗumama shinkafa, ta ce in ci. Na ce na ƙoshi. Ta ce in ci. Na ce wallahi. Ta buga tebur ta ce in ci! Na cinye tas, na kuma amsa laifin jarkar furanni.

Da na gama ta ce, "Ni na gane. Ɗanki ma ya sha gaya wa Meri haka al'adarku take, ta ɗauka kare ki yake yi. Amma akwai abin da ya kamata ki sani. Tun kafin aurensu ya taɓa gaya mana cewa bai taɓa jin sunansa a bakinki ba. Da dariya ya faɗa. Meri ta ce ita ta ga idonsa lokacin, ba dariya a ciki."

Wannan maganar ta fi yunwar ciwo. Ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake a kunnensa ba. Na ɗauka ya sani, kamar yadda kowane ɗan fari a Kusada ya sani.

Bayan kwana uku aka yi wani biki na Amurkawa da suke kira ranar godiya. Jamusawa ba su san da shi ba, kowa ya tafi aikinsa, su Linda kaɗai suke ta hidima. Tom ya yi odar talo-talo yankan Musulmi, ƙato, ya ƙi shiga tandar gidan, sai da ya raba shi biyu yana ta zagin ƙananan kayan Turai. Da la'asar muka zauna mu biyar, jariri na shida a cinyar uwarsa. Tom ya ce al'adarsu kafin a ci, kowa zai faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Ya faɗi nasa, Linda ta faɗi nata, Yayansu ya yi nasa, Maryam ta ce ɗanta, a taƙaice, ba ta dube ni ba. Aka zo kaina.

Na miƙe, ban san dalili ba, ba wanda ya miƙe kafin ni. Na ce na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya. Na gode da Linda da ta iya tayi sau uku. Na gode da Maryam da ta haifa mana yaro kyakkyawa, wanda duk Kusada ba mai kyansa, kuma ƙarya nake yi da na ce ba na so. Sai na tsaya. Sunan yana nan a maƙogwarona inda na ajiye shi shekara talatin da biyu, tun ranar da na jiyo shi ta katanga ana raɗawa a zaure. Na dubi farantin gabana na ce, "Kuma na gode wa Allah da ya ba ni ɗana, Sulaimanu. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar shi ba."

Ya waiga bayansa. Wallahi waigawa ya yi, yana neman wanda ake kira. Sannan ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ya taso ya rungume ni, wannan karon ban goce ba, ko da yake na ce masa a kunne, "To ya isa, mutane na kallo." Maryam ta zagayo ta ɗora mani jaririn a hannu. Na ci talo-talo faranti biyu a gaban surukai, da tayi ɗaya.

Washegari Maryam ta sauko da kanwar daga saman kabad ta ce in koya mata kunun. Muna damawa tana tambaya: akwai gidan sauro? Asibiti yana da nisa? Awa nawa daga Kano? Idon Malam, wata nawa likita ya ce? Na faɗa mata gaskiya duka, har da wadda ba ta da daɗi. Ta kurɓi kunun ta yamutsa fuska, ta ce, "Za mu zo, Inna."

Abin da ban sani ba, ashe Tom ya ɗauki jawabina da waya. Ya tura wa surukinsa, shi kuma mara kunyar ya tura wa ƙannensa. Kafin jirgina ya sauka Kano, ba gidan da bai ji muryata ba daga Kusada har ƙauyen Boko. A tashar Kankia ƙanwar Malam ta tarbe ni da salati, ta ce, "Yaya Hadiza, mi suka ba ki kika sha can?" Wannan shi ne abin kunyar, Hajiya Rabi. Ba wani.

Sun zo bayan wata uku. Aka shimfiɗa wa Malam darduma a tsakar gida inda rana ta fi haske, aka ɗora masa takwaransa. Ya ɗaga shi har hancinsu yana taɓa juna, ya karkata kai ta gefen dama, ya daɗe yana dubawa, ba mai motsi a cikinmu. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Kunnuwan gidanmu ne." Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Malama, an ce kin koyo kiran suna a Turai. To ga wanga, kira shi in ji."

Gida ya ɗauki shewa, kowa ya gane tarkon, tunda sunan yaron sunansa ne. Na ja mayafi na rufe fuska na ce, "Ni ku miƙo mani mummunan mijina." Sai Maryam ta amsa daga bakin ƙofa, da Hausarta mai tuntuɓe, "Inna, yau ma bai kawo cefane ba." Malam ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

Idon ya ida rufewa bayan tafiyarsu da 'yan makonni. Yanzu sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci. Amma duk wanda ya zo gaishe shi, kafin ya tashi sai Malam ya ɗaga hannu biyu ya gwada masa girman kunnuwan nan, ya ce, "Ni na gan su da idona."